Shekarar da Na Zama Idon Ata Lamte

Na san abin da ake faɗa a kaina a unguwarmu Maamobi, na kuma san ku ma kun ji: wai ubanku ladan ne, ya ajiye kiran salla ya bi dawaki. A cikinku babu wanda ya taɓa tambayata. Mustafa ya yi shiru irin na babban ɗa, Hawa ta yi fushi ta huce, Rashida kuwa har yau in doki ya fito a talabijin sai ta canza tasha. Ban ga laifinku ba. Amma yanzu duk waɗanda maganar ta shafa sun riga ni gidan gaskiya, gwiwoyina kuma suna gaya mini ban yi nisa a bayansu ba. Saboda haka zan faɗa muku yadda shekarar nan ta tafi.

Sai na fara da mutumin da ba ku sani ba. Ubana ɗan barga ne. Daga ƙasar Sakkwato ya koro dawaki zuwa Ankara, yadda Hausawa suke kiran Accra, bai sake komawa ba. A bargar da ke bayan tsohon filin tsere, inda iskar teku ke shigowa da gishirinta, nan na tashi cikin warin ciyawa da kashin doki. Ya rasu ina saurayi, ba a daɗe ba kuma aka shiga korar baƙin da ba su da takarda. Ni ba takarda, ba uwa, ban san ko hanyar Sakkwato ba. A lokacin akwai wani mahayi a bargar, mutumin Ga, Kirista, siriri kamar sanda, sunansa Lamte. Shi ya sa ni a ɗakin ciyawa ya ja ƙofa, da masu bincike suka zo ya ce musu ni ɗan 'yar'uwarsa ne. Bayan ƙura ta lafa ya dube ni sama da ƙasa ya ce na yi nauyi da hawan doki, ya kama hannuna ya kai ni wurin wani tela a unguwar Nima. Keken ɗinkin da ya ciyar da ku, daga nan ya samo asali. Mutanen Ga suna ce wa dattijo Ata, don haka da furfura ta fito masa kowa ya koma kiransa Ata Lamte. Hausarsa ta barga ce, ba mace ba namiji, kowa “shi” ne a bakinsa, har goɗiya.

Da doki ya kayar da shi ya karye a ƙugu, sai ya bar hawa. Wani attajiri mai sayar da katako ya ɗauke shi ya zama mai duba masa dawaki: wanne za a saya, wanne za a sa a wane tsere, wanne za a bari ya huta, da kuma waɗanne ne abin tsoro a cikin na sauran mutane. A kan wannan aikin aka ba shi ɗaki ɗaya a ƙarshen barga. Matarsa ta mutu, 'yarsa tilo ta tafi Turai wasiƙunta suka yi ta raguwa har suka ƙare. Ɗakin nan da dawakin nan su ne abin da ya rage masa a duniya. Ni kuwa nakan je can jefi-jefi, don ni nake ɗinka wa mahayan bargar rigunansu masu launi. A lokacin na yi shekaru masu yawa ina kiran salla a masallacin unguwarmu, kun kuma san yadda mutane suke ce mini Ladan har sun manta sunana Salisu.

Wata ranar Laraba, a farkon shekarar, na kai masa sababbin riguna. Na shimfiɗa su a kan gadonsa, ja da ratsin fari, kamar yadda aka ce in yi. Ya shafa su da hannu, ya kai fuskarsa kusa, ya ce koren ya yi kyau. Na ɗauka wasa yake. Sai ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayinsa, hannun ya wuce ta gefe ya kama iska. Ya janye hannun. A waje wani yana wanke doki, ruwa yana zuba a kan siminti.

“Rufe ƙofa, Salisu,” in ji shi.

Na rufe.

“Idona ya tafi. Na dama tun bara. Na hagu yana ganin haske, yana ganin inuwa, shi ke nan. Likita ya ce ba gyara.”

“Maigidan ya sani?”

“In ya sani, me zai yi da makaho mai duba doki? Ina zan je? Ni ban san wani wuri ba.” Ya lalubo hannuna ya riƙe. “Kaina yana nan, kunnena yana nan. Ido kawai nake so, ranar Asabar da safiyar ƙilisa. Amma ba wanda zai ji. Ba matarka, ba limaminka. Zongo, unguwar Hausawa, bakinsa ɗaya ne, in mutum ɗaya ya ji, 'yan barga sun ji.”

Bai tuna mini ɗakin ciyawa ba, ba halinsa ba ne. Ni na tuna da kaina. Na ce masa na yi alkawari, na kuma ambaci sunan Allah a kai.

Haka muka fara. In na idar da sallar asuba, ranakun da ake fita da dawaki bakin teku su motsa jiki, sai in hau trotro, motar hayarmu ta nan, in same shi. Mu tsaya a kan rairayi kafaɗa da kafaɗa, kamar tsofaffin abokai masu hira, ina gaya masa abin da na gani a hankali, shi yana kallon gaba kamar mai gani. Ranar Asabar kuma mu tsaya a jikin shingen da ake zagayawa da dawaki kafin tsere. Da farko ban iya ba. Sai in ce wancan akawal ɗin, baƙin dokin nan, ya yi kyau, gashinsa yana sheƙi.

“Kar ka gaya mini kyau,” in ji shi. “Kyau na mai hoto ne. Gaya mini inda ƙafar baya yake sauka.”

“Tana wuce sawun ta gaba da kamar tafin hannu.”

“Yawwa. Kunne fa?”

“A tsaye, suna juyawa gaba da baya.”

“Hankalinsa yana nan. Gumi?”

“Kaɗan a wuya. Amma hurden da ke bayansa ya jiƙe har tsakanin cinyoyi, farin kumfa.”

“Wannan ya gama tserensa tun bai fita ba. Bar shi.”

Abin da ido ke gani rabin aikin ne kawai. Ɗaya rabin yana cikin kansa. Ina karanta masa takardar tsere, sunan doki da mahayinsa da nauyin da zai ɗauka, shi kuma yana fito da tarihin kowanne kamar mai ba da labarin dangi. Wannan ya zo na uku wancan makon, amma a ƙarshe shi ne yake matsowa lokacin da sauran suka gaji, yau kuwa tseren ya fi tsawo, don haka a kula da shi. Wancan ya yi ta ci a jere, shi ya sa aka ƙara masa darma a ƙarƙashin sirdi, ga shi an yi ruwa ranar Alhamis, ƙasa ta yi laushi, nauyin zai cinye shi a kwana ta ƙarshe. Wannan goɗiyar ba ta son a matse ta a jikin shinge, ga shi kuwa can aka jefa ta. Wancan mahayin yana da saurin hannu, yakan ƙone doki tun a tsakiya. Ya koya mini cewa ba a tambayar wane doki ya fi gudu, ana tambayar wane doki ne yau ta dace da shi. In an tashi tsere sai ya sunkuyar da kai ya saurara. Sau da yawa, tun kafin in gani, zai ce, “Wani yana taka ƙafar hagu da tsoro,” in duba in ga haka ne. Wani lokaci mu dace, wani lokaci doki ya ba mu kunya, ya yi dariya ya ce dabba ba ta karanta takarda.

Ina so ku ji wannan da kyau. Akwai taga a filin inda ake sa kuɗi a kan dawaki. Ban taɓa tsayawa a gabanta ba, ko sau ɗaya. Ata Lamte ma ya bar ta tun kafin a haife ku. Abin da muka gani, shi yake kai wa maigidansa. Ko maigidan yana zuwa tagar da shi, ban gani ba, ba kuma zan rantse muku cewa ba ya zuwa ba. Na yi ta juya wannan a raina a lokacin, na kai shi gaban Allah a sujada. Abin da na iya gani kawai shi ne tsoho da ɗakinsa. Ba zan kuma ɓoye muku cewa na ji daɗin abin ba. Ɗan barga ne ni, in na ga doki mai lafiya yana miƙe jiki a kan rairayi da safe, sai in ji kamar ubana yana tsaye a wani wuri kusa.

Wanda ya jawo mana magana shi ne Awudu, direban trotro, maƙwabcinmu na bayan kwata. Ya daɗe yana zuwa filin ban sani ba. Wata Asabar ya tsaya a bayanmu ya ji na ce wa Ata Lamte dokin nan bikili mai lamba a gefe shi ne ya fi kowa sakin jiki. Ya ruga taga. Bikilin ya ci. Kafin magariba labari ya riga ni isa Maamobi, ya kuma yi ƙiba a hanya: wai Ladan yana da wani abu da yake karantawa, in ya dubi doki ya raɗa wa tsohon nan a kunne, to an gama. Ranar Litinin na buɗe shago na tarar da mutane a kan benci, ba wanda ya kawo yadi.

“Ladan, abeg, lamba ɗaya kawai,” in ji Awudu. “Mu ma 'yan'uwanka ne. Ka ba Kirista, ka hana mu?”

Na ce musu ba ni da lamba, caca haramun ce, su tashi mini daga shago. Suka tashi suna murmushi. Daga nan sai suka daina tambayata suka koma bin idona. In na tsaya a jikin shinge na dubi doki fiye da yadda suke tsammani, sai ka ga sun nufi taga. In na sosa kai, alama ce. In na gyara hula, alama ce. Har ta kai wani ya biyo ni bayan sallar azahar, ina sa takalmi a ƙofar masallaci, ya durƙusa kamar zai gaishe ni ya tambaye ni wanda zai ci Asabar.

Sai ranar da Mma Adiza ta zo. Kun tuna ta, mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi. Mijinta ya kwashe jarinta ya zuba a kan wani doki da aka ce masa “dokin Ladan” ne, dokin da ni ban ma lura da shi ba, ya kuwa zo na ƙarshe. Ta tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, jama'a suna fitowa. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa kowa ya ji.

“Malam Ladan, da bakin da kake tashin mu salla, da shi ka kashe mini tukunya. Na bar ka da Allah.”

Washegari Liman Haruna ya aiko a kira ni. Mutum ne mai haƙuri, ya girme ni, mun yi shekaru ina tsaye a bayansa. Ya sa aka fita aka bar mu mu biyu a zaure.

“Malam Salisu, ni ban yarda kana caca ba. Amma me kake yi a can?”

“Allah gafarta Malam, ba caca nake yi ba, ba na kuma ba kowa lamba.”

“Na ji. Me kake yi a can?”

“Akwai abin da ke kai ni. Ba ni da ikon faɗa.”

Ya gyara zama. Sannan ya ce shi ba ya neman asirina, amma jama'a ba za su ci gaba da amsa kiran mutumin da suke gani a filin caca duk Asabar ba, matasa kuma suna kafa hujja da ni. Ya ce in daina zuwa, shi zai tsaya a gaban mutane ya wanke ni. In ba zan iya ba, to in huta da lasifika har Allah ya kawo mafita. Ya ba ni zuwa Juma'a in yi tunani.

Na tafi barga da niyyar in roƙi Ata Lamte ya sake ni daga alkawarin, ko da Liman kaɗai in gaya wa. Na iso da rana, lokacin da 'yan barga suke hutawa. Daga bakin ƙofa na hango shi shi kaɗai a tsakar barga, ya sa rigarsa mai guga, yana tafiya daga ɗakinsa zuwa turken farko, ya taɓa, ya dawo, ya sake tafiya. Yana koya wa ƙafafunsa hanya ne, don in maigida ya zo ya gan shi yana tafiya kai tsaye ba lalube. Ya yi tuntuɓe da bokiti, ya tsaya, ya saurara ko wani ya ji, ya gyara wuyan rigarsa ya koma farko. Na tsaya ina kallo har ya gaji. Da na yi sallama ya juyo da fara'a ya ce me ya kawo ni yau ba ranar aiki ba. Na ce hanya ce ta biyo da ni. Ranar Juma'a na kai wa Liman makullin ɗakin lasifika.

A gida abin ya fi zafi. Mmanku, mahaifiyarku, ba mai yawan magana ba ce, kun sani. Ta jure surutun mata a wurin famfo, ta jure yadda aka daina aiko mata da goron suna. Ranar da ta ji muryar wani a lasifika da asuba, ta zauna a bakin gado har gari ya waye. Da ta kawo mini koko sai ta tsaya.

“Malam, wata mace ce?”

“A'a, Rabi.”

“Bashi ne?”

“A'a.”

“To mene ne? Na haifa maka 'ya'ya, na binne biyu tare da kai. Wane abu ne a duniya da zai shiga kunnen doki bai shiga nawa ba?”

Na ce mata ta yi haƙuri, amana ce ta wani, wata rana za ta ji. Ta ce to. A makon nan matar Mustafa ta haihu a unguwar Madina, can gefen Ankara. Ta ɗaura kayanta ta ce za ta je wankan jego. Kwanakin wanka suka cika, suka wuce, ba ta dawo ba. Ba ta ce ta yi yaji ba, ni ma ban ce ba. Mustafa, kai ka zo sau ɗaya ka tsaya a ƙofar shago, ka ce, “Baba, ka bar abin nan mana,” na ce maka na ji, ka juya ka tafi. Na ga yadda ka riƙe makullin motarka kamar za ka karya shi.

Ban taɓa sanin gidanmu yana da girma ba sai a watannin nan. Ɗaki biyu ne da tsakar gida da ake rabawa da maƙwabta, amma in na dawo sai in ji kamar na shiga kangon kasuwa. Na koyi hura gawayi da kaina. Abinci kuwa sai in yi tafiya har cikin Nima in saya, don kar in wuce ta gaban Mma Adiza. Da farko nakan yi salla a sahun baya na masallacinmu, amma sai na lura wanda ke gefena yana barin ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da tawa, don haka na koma wani masallaci can wajen babban titi, inda baƙi 'yan Nijar suke salla ba wanda ya san ni. Abin da ban iya guje wa ba shi ne kiran. Lasifikar tana fuskantar tagarmu. Sabon ladanin yana da murya, amma yana sauri, kuma bakina yakan motsa da kansa tare da shi, in ja inda ya kamata a ja, in ƙare bayan ya ƙare. Ɗinkin salla ya zo, masu kawo mini yadi tun suna yara suka kai wa wani. Ranar sallar kanta na sa babbar rigata, na je idi, na dawo na zauna. Ba wanda ya shigo. Da yamma na sayi dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi na tafi barga, muka ci da Ata Lamte a ƙofar ɗakinsa. Ya tambaye ni ina matata, na ce tana wurin jika.

“Ya daɗe,” in ji shi.

“Jikan ne ba ya barin ta.”

Bai ƙara tambaya ba. Ban taɓa gaya masa abin da ya faru ba, har ya mutu yana kirana Ladan.

Bayan damina tari ya kama shi. Ya ƙi asibiti, ya ce in ya bar ɗakin ba zai dawo ba. Asabar ta ƙarshe da muka yi tare bai iya zuwa filin ba, na je ni kaɗai na dawo na zauna a bakin gadonsa ina ba shi labarin kowane tsere, wa ya fita gaba, wa ya gaji a kwana, yana gyara mini inda na yi kuskuren hukunci. Ranar Talata ina kan keken ɗinki da hantsi wani ɗan barga ya zo ya ce an tarar da shi da safe ya cika, a kan gadonsa, ƙofa a buɗe tana kallon turaku. Na kashe keken na zauna. Ba wanda zan gaya wa a duk layinmu.

An yi jana'izarsa a wani ƙaramin coci kusa da teku. 'Yarsa ba ta zo ba. Na zauna a bencin ƙarshe da hulata, ban san waƙoƙinsu ba. Da aka fito, attajirin nan mai katako ya nufo ni. Ban taɓa magana da shi ba sai gaisuwa. Ya iya Hausa kaɗan, ya haɗa da Turanci.

“Kai ne tela. Na gode da ka riƙe shi.”

Na ce abokina ne.

“Na san ba ya gani,” in ji shi. “Tun bara na sani. Wata rana na miƙa masa hannu bai karɓa ba. Ni ba zan kore shi ba ko da ya kurmance, shi ya saya mini dokina na farko. Amma na ga yana so in ɗauka yana gani, sai na bar shi. Na gaya wa yaran barga duk wanda ya nuna masa ya sani, ya bar aiki.”

Ya dafa kafaɗata ya wuce wurin motarsa. Na tsaya a ƙofar cocin har aka rufe ta. Ashe duk bargar ta sani. Ashe asirin da na ba da lasifika da gida a kansa, ni da shi kaɗai ne muke zaton asiri ne. Na yi kwanaki abin yana cina. Amma da na nutsu sai na ga ko da na san haka tun farko, ban san yadda zan ce masa ya daina guge rigarsa ba. Ya mutu a ɗakinsa yana mai duba dawaki, ba makahon da ake tausayi ba. Abin da ya roƙa ke nan, shi kuma ya samu.

Na sake zuwa filin sau ɗaya. Na tsaya a wurinmu. Akwai wata jar goɗiya da aka rage wa nauyi, ƙasa ta bushe yadda take so, tana tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa. Na karkata kai hagu na fara cewa, “Ƙafar baya tana…” sai na ga wani baƙo ne a wurin yana cin gyaɗa. Goɗiyar ta ci da tazara. Ban jira tsere na gaba ba. Bayan 'yan shekaru aka rushe filin aka yi gine-gine a wurin. Liman Haruna ya rasu kafin in sami ƙarfin zuwa in yi masa bayani, sauran mutane kuwa ban ga abin da zan je nema a wurinsu ba.

A ranar nan, daga filin Madina na tafi. Na sami Mmanku a bayan gidan Mustafa tana tsince wake a faranti, jikan yana barci a tabarma. Ta gaishe ni kamar baƙo, ta kawo mini ruwa. Na zauna a kan turmi na gaya mata komai, tun daga ɗakin ciyawa har maganar mai katako. Hannunta bai tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

“Mai barga ya sani,” in ji ta. “Yaran barga sun sani. Ni ce kaɗai za a ji tsoron bakina.”

Ta ajiye farantin. Ta tashi ta shiga ciki. Na ɗauka shi ke nan, sai ga ta ta fito da ƙunshin kayanta a ka. Ta ce in bar maganar tsakaninmu, tunda mutumin ya so a rufa masa, ita ma ba za ta yaye shi a gaban yara ba. Ta riƙe wannan har ta koma ga Allah, shi ya sa ba ku ji daga bakinta ba.

A trotro ta zauna jikin taga tana kallon waje. Muka yi ta tafiya cikin cunkoso da zafi da ihun masu talla. Sai da muka kusa sauka, ba tare da ta juyo ba, ta tambaye ni wa yake dafa wa Ata Lamte abinci da yake ciwo. Na ce ba kowa, abin da na saya a hanya shi muke ci.

Ta share ido da bakin mayafinta.

“Da ka gaya mini, Malam,” in ji ta, “da na dafa masa.”